Muhammadu al-Katsinawi: Sibawaihin Katsina da Lissafin da ke Kiran Kansa

Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga koyon rubuta wa kwamfuta umarni ba ya daɗewa sai an ɗora masa wani aiki da ya zama kamar babbaƙu ga almajiri a wannan fanni: ya rubuta ƙa'idar da za ta riƙa kiran kanta da kanta har ta fitar da lamba mafi girma da ke raba lambobi biyu ba tare da saura ba. Wanda ya yi lakwal a Tirmini ko a Birnin Zinder ya san wannan lamba da sunan PGCD tun yana koleji, takwaransa na Katsina kuma ya san ta da HCF. Da bakin Turawa dukkansu suka karɓe ta, saboda haka suka ɗauka tare da Turawa ta zo. Alhali kuwa hanyar fitar da ita tana nan a babin ƙarshe na Mukhtasar na Shehu Halilu, littafin da malaman zaure ke karantarwa a ƙasar Hausa da Barno tun da daɗewa kafin sojojin Faransa su gwabza da rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini cikin watan Yuli na 1899.

Wannan maƙala tarihin mutum guda ce daga cikin waɗanda suka durƙusa gaban malami aka biya musu wannan littafi har ƙarshensa. Shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen ƙasar Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. An fi tunawa da shi a matsayin masanin lissafi, amma da nahawu ya fara suna, kuma wannan ya ba mu, masu nazarin harshe, haƙƙi a kansa.

Sunansa da ƙasarsa

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne daga marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, a littafinsa Aja'ibul Asar. Al-Jabarti bai riske shi da rai ba, domin an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwarsa. Sai dai a gidan mahaifinsa malamin ya cika, kuma littattafansa a hannun mahaifin suka zauna, har da jerin sunayen malamansa da ya rubuta da kansa.

Laƙabansa na nasaba kamar taswira suke. Al-Fullani ya nuna ƙabilarsa, as-Sudani ya nuna yankin da Larabawa ke kira Biladus Sudan, al-Kashnawi kuwa shi ne Bakatsine. Larabci ba shi da sautin ts ɗinmu, don haka marubutansa suka sa shin a gurbinsa, Katsina ta koma Kashna, daga nan kuma rubuce-rubucen Turawa suka ɗauko Kashnawi da Kishnawi. Akwai kuma laƙabin ad-Danrankawi, wanda masana ke dangantawa da Kurmin Ɗan Ranko a kudancin ƙasar Katsina, mazaunin malamai da fatake a wancan zamani.

Katsinar da ya tashi a cikinta tana kan ganiyarta. Ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da garuruwan hamada, fataken goro na bin hanyar Gwanja, kuma ilimi na tafiya tare da kaya. Birnin ya riga ya shahara da Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. A gabas kuma daular Barno ce uwa ma ba da mama a fagen karatu. Cikin shekarun 1730, lokacin da Muhammadu ke rubuta littattafansa a Makka da Masar, a nan ne tarihin Damagaram ke sanya zamanin Malam Yunus, kakan sarakunanta, a ƙarƙashin inuwar Barno ɗin.

Malamansa

Al-Jabarti ya ambaci malamai huɗu da ya yi karatu wurinsu kafin ya bar gida. Akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Barno da Bagarmi, wanda shi kansa abin nazari ne gare mu, domin ya mayar da sharhin tauhidi da Fulani ke yi da baki cikin Fulatanci zuwa rubutaccen Larabci. Akwai Shehu Hashimu. Sai biyun da suka fi barin tambari a kansa: Muhammadu Fodu da Muhammadu Bindu.

A hannun Fodu ya sami buɗi na farko. Ya lazimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanya, ya karanta littattafan adabi da sarfu da nahawu. Ya haddace Maƙamat hadda mai ban mamaki: idan aka ambaci kalma guda daga cikinta, nan take zai kawo wadda ta gabace ta ba tare da jinkiri ba. Duk wanda ya taɓa hadda ya san kawo kalmar gaba abu ne mai sauƙi, harshe ma kan yi shi da kansa. Komawa da baya shi ne gwajin wanda ya riƙe ginin magana a zuciyarsa. Saboda wannan ne malaminsa ya fara kiransa ma'abucin Maƙamat. Da ya ƙware a nahawu sai ya sauya masa laƙabi zuwa Sibawaihi. Laƙabin ya dace ta fuska biyu, domin Sibawaihi na asali, wanda ya rubuta al-Kitab a Basra cikin ƙarni na 8, shi ma ba Balarabe ba ne. Bafarishe ne da ya shigo Larabci daga waje ya tsara wa masu harshen ƙa'idojinsa.

Wurin Bindu ya koyi ilimin haruffa da hatimai, da lissafi, da sanin lokuta, bisa tafarkin malaman Magrib. A wurinsa kuma ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi da littattafan aƙida na Sanusi, ya saurari Buhari, ya kuma saurari kashi uku cikin huɗu na Mukhtasar. Al-Jabarti ya fayyace sassan: daga farkon babin ciniki zuwa ƙarshen babin salam, sannan daga farkon babin ijara har ƙarshen littafi. Ƙarshen littafin kuwa shi ne babin rabon gado.

Wata ɗabi'arsa da ya ɗauke ta baiwa daga Allah ita ce bai taɓa karatu da littafin aro ba. Idan yana son karanta littafin da ba shi da shi, sai ya kwafe matanin da hannunsa, ya bar fili tsakanin layuka domin ya sanya abin da ya tsinta a sharhohi da abin da ya ji daga bakin malami. Idan hali ya yi, har sharhin da hashiyar yake kwafewa. A ƙasar da takarda sai an ƙetaro hamada da ita, wannan ɗabi'a tana da tsada, amma ita ta sa ya tara littattafan da ya bari a Masar.

Babin da ya saurara

Domin a gane abin da ke cikin babin gado, bari mu fara da hatsi. A ce manomi yana da buhu biyu na gero, ɗaya tiya 48, ɗaya tiya 18, yana neman ma'auni mafi girma da zai aune kowannensu ya ƙare cif. Sai ya riƙa cire 18 daga 48: sau biyu, saura 12. Yanzu tambayar ta ragu, ta koma tsakanin 18 da 12. Ya cire 12 daga 18, saura 6. Tambayar ta sake raguwa zuwa 12 da 6. Shida ta cinye sha biyu ba saura, saboda haka ma'aunin shi ne tiya 6: buhun farko awo takwas, na biyu awo uku.

Mai rabon gado yana cin karo da irin wannan tambaya duk lokacin da rabon wasu magada ya ƙi rabuwa a kan yawansu. A ce mutum ya rasu, matarsa ta riga shi, ya bar uwa da uba da ƴaƴa mata shida. Asalin mas'alar daga 6 ne: uwa kashi 1, uba kashi 1, ƴaƴa matan kashi 4, wato biyu cikin uku. Kashi 4 ba ya rabuwa a kan mutum 6. Malam zai dubi alaƙar da ke tsakanin 4 da 6. Masana gado sun kasa wannan alaƙa gida huɗu. Idan lambobin daidai suke, tamasul ke nan. Idan ƙaramar ta cinye babbar ba saura, tadahul. Idan babu abin da ke raba su tare sai ɗaya, tabayun. Idan kuwa akwai wata lamba da ta fi ɗaya wadda ke raba su tare, shi ne tawafuƙ. A misalinmu 4 da 6 sun yi tawafuƙ da rabi, domin 2 tana raba su. Sai a ɗauki rabin yawan ƴaƴan, wato 3, a ninka asalin mas'alar da shi, ya zama 18. Uwa ta sami 3, uba 3, ƴaƴa mata 12, kowace 2.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda Shehu Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 14, ya koyar da gano alaƙar. Hanyarsa ita ce ta manomin nan: a riƙa cire ƙarama daga babba, abin da ya saura a cire shi daga ƙaramar, a ci gaba. Idan an ƙare a zagayen farko, tadahul ne. Idan saura ya tsaya a kan ɗaya, tabayun ne. In ba haka ba, lambar da ta cinye ƴar'uwarta a ƙarshe ita ce ke nuna gwargwadon tawafuƙ. Wannan hanya ita ce wadda Uƙlidis ya rubuta a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a farkon littafi na bakwai na Usul ɗinsa, wanda al-Hajjaj ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid.

Ga yadda ɗalibin kwamfuta ke rubuta ta a yau, idan aka mayar da umarnin zuwa Hausa:

ma'auni(a, b):
idan b sifili ce, amsa ita ce a;
in ba haka ba, amsa ita ce ma'auni(b, abin da ya saura bayan an raba a da b).

Layi biyu ne kacal, kowanne da aikinsa. Na farko shi ne matsaya, inda aiki ke ƙarewa. Na biyu shi ne komawa, inda ƙa'idar ke sake kiran kanta da lambobin da suka fi na farko ƙanƙanta. Da 252 da 105 za ta kira kanta da 105 da 42, sannan 42 da 21, sannan 21 da sifili, ta tsaya ta ce 21. Amsar daidai ce saboda duk ma'aunin da ya aune lambobi biyu dole ya aune abin da ya saura tsakaninsu. Aikin kuma dole ya ƙare saboda saura kullum ƙasa yake da abin da aka raba da shi, kuma lamba ba ta raguwa har abada ba ta kai sifili ba. Wanda ya manta layin farko ya jefa na'ura cikin zagayen da ba ya ƙarewa sai ma'ajiyarta ta cika. A 1844 Gabriel Lamé na Faransa ya tabbatar da cewa yawan zagayen ba ya wuce ninki biyar na yawan alƙaluman ƙaramar lambar. Bambancin malamin zaure da na'ura shi ne malam yana cirewa sau da yawa, na'ura tana rabawa sau ɗaya ta ɗauki saura.

Hanyar gabas

Muhammadu bai bar gida don ƙunci ba. Ya bayyana cewa yana zaune da iyalinsa cikin daɗi da kwanciyar hankali, kwaɗayin ilimi ne ya sa ya musanya wannan da baƙunta da kaɗaici da haɗarin hanya. Ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar hajji. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A wani zango a yankin Barno ya yi wata biyar wurin wani malami yana koyon bugun ƙasa da wasu littattafan lissafi. Ya kuma rubuta labarin tafiyar tasa.

Ya yi hajji a 1142 ta Hijira, daidai da 1730, ya zauna maƙwabtaka a Makka. A can ya fara rubuta ad-Durrul Manzum, babban littafi kan ɗalasimai da taurari, wanda ya gina a kan as-Sirrul Maktum da ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi. Bai kammala shi ba sai a Alƙahira, cikin Rajab na 1146, wato wajen ƙarshen 1733.

A Alƙahira ya fara zama a Darbul Atrak, kusa da Azhar. Ƴan ƙasashenmu ba baƙi ba ne a wannan birni. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta da masauki a can domin alhazai da ɗalibansu. Abin da ya bambanta Muhammadu shi ne bai tsaya a sahun masu ɗaukar karatu ba. Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi da falaki na Masar a wannan ƙarni, wanda kakanninsa suka fito daga yankin Zaila a gabashin Afirka, a wurinsa ya ɗauki ilimin hatimai da lissafin haruffa da lambobi.

Littattafansa sun nuna bai saki harshe ba ko da ya nutse cikin lissafi. Ya rubuta Bulugul Arab kan nahawu. Ya tsara manɗiƙi cikin waƙa ya kira ta Minahul Ƙuddus, sannan ya yi mata doguwar sharhi mai suna Izalatul Ubus. Amma littafin da ya kai sunansa duniyar masu tarihin lissafi shi ne Bahjatul Afaƙ, kan ilimin haruffa da hatimai, wanda ya kammala a 1145 ta Hijira.

Hatimi da tsallen doki

Hatimi, a ma'anarsa ta lissafi, murabba'i ne da aka kasa gida-gida aka zuba lambobi a jere daga ɗaya, ta yadda jimlar kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, za ta zama ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta kowace fuska 15 ne. Mai gida biyar-biyar jimlarsa 65, mai bakwai-bakwai 175, mai tara-tara 369.

Kalmar hatimi daga Larabcin zobe ko tambari muka aro ta. Sunan da masu fannin ke amfani da shi kuwa shi ne wafƙ, jam'insa aufaƙ. Saiwarsa ɗaya da tawafuƙ na masu gado, da muwafaƙa da taufiƙi da suka zauna a bakin Bahaushe. Ma'anar saiwar ita ce dacewa: lambobi biyu su dace a kan ma'auni ɗaya, ko layukan murabba'i su dace a kan jimla ɗaya.

Dangantakar ba a suna kaɗai ta tsaya ba. Bahjatul Afaƙ ya kawo hanyoyi da dama na cika hatimai masu gidajen mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai da sauransu. Daga cikinsu akwai masu bin tsallen dokin wasan shataranji: gida biyu gaba, gida ɗaya gefe. Mai rubutu zai sa lamba, ya yi tsalle, ya sa ta gaba. Idan tsallen ya fitar da shi daga murabba'in sai ya shigo ta ɗaya ɓangaren, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Idan ya tarar da gidan a cike, akwai ƙa'idar kaucewa. Umarni ne kaɗan da ake maimaitawa har gidaje su cika, kuma wanda ya riƙe su zai cika babban hatimi kamar yadda zai cika ƙarami.

Me ya sa irin wannan tsalle ke tafiya lafiya a gidajen mara? A ɗauki ɗakuna tara da aka jera a da'ira. Mai tsallen ɗaki biyu-biyu zai ziyarci dukkan taran kafin ya dawo inda ya fara. Mai tsallen uku-uku ɗaki uku kawai zai yi ta zagayawa. Idan ɗakunan takwas ne, mai tsallen biyu-biyu rabi kaɗai zai gani. Sharaɗin ziyartar kowane ɗaki shi ne tsawon tsalle da yawan ɗakuna su kasance tabayun, wato ma'auninsu na tarayya ya zama ɗaya. Masana lissafi na baya sun nuna cewa a kan irin wannan sharaɗi hanyoyin tsalle na cika hatimi suke tsaye. Tambayar babin gado ce ke kwance a ƙarƙashin hatimin.

Lissafin haruffa ma yana da darasi ga mai nazarin rubutu. Kowane harafin Larabci yana da ƙimar lamba, amma jerin Magrib, wanda ƙasashenmu suka gada, ya saɓa wa na gabas a haruffa shida. Shin a wurinmu 1000 ne, a Masar 300. Shekarar rasuwar Muhammadu, 1154, a ramzin mutanen Katsina za ta fito da shin da ƙaf da nun da dal. Bamisire ya lissafa haruffan nan huɗu da nasa jerin, 454 zai samu. Da wannan ramzi mawaƙanmu na ajami ke rufe waƙoƙinsu don nuna shekarar da aka yi su. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a 1967 kan yadda Muhammadu ya bayyana wannan fanni.

Yadda ya kamata a karanta shi

Akwai jarabawa biyu ga mai rubuta tarihin wannan malami. Ta farko ita ce a ga kalmomin ɗalasimai da bugun ƙasa a jerin karatunsa a ture shi gefe a ce malamin tsibbu ne. Ta biyu ita ce a goge waɗannan kalmomi a fito da shi kamar farfesan lissafi na jami'ar zamani. Kowace daga ciki rabin mutum take ba mu. Shi dai ya ɗauki hatimai a matsayin ilimin asiri mai amfani a rayuwa, kamar yadda mabiya tafarkin al-Buni suka ɗauke su. Malamai kuma sun daɗe suna saɓani kan halaccin wannan fanni. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi suka a kansa, kuma muhawarar ba ta mutu ba a garuruwanmu har yau. Hukuncin wannan na malaman addini ne. Abin da mai tarihin ilimi zai iya tabbatarwa shi ne hanyoyin cika hatiman daidai suke a lissafi, kowa na iya gwada su da alƙalami, kuma an tsara su ne a matsayin ƙa'idojin da ke aiki a kan kowane girma na irinsu.

Ta wannan fuska ce duniyar boko ta sake gano shi. Bivar da Hiskett sun sanya shi cikin nazarinsu na 1962 kan rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya kafin 1804. Claudia Zaslavsky ta gabatar da hanyoyinsa ga malaman makaranta a littafinta Africa Counts na 1973, daga wani kwafin hannu da ke ajiye a Landan.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya koma gidan Shehu Hasan al-Jabarti, a nan kuma ya rasu a 1154 ta Hijira, daidai da 1741, shekara goma sha ɗaya bayan hajjinsa. Bai sake ganin Katsina ba. Ya naɗa Shehu Hasan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehun ya binne shi a Bustanul Ulama, maƙabartar malamai da maƙwabtan Azhar, ya gina alama a kan kabarin ya rubuta sunansa da shekararsa. Mutumin da ya ƙi karatu da littafin aro, littattafan da ya kwafa da hannunsa sun zama gadon wani gida a Masar, kuma daga wannan gida ne labarinsa ya dawo mana.

Kammalawa

Ƙa'ida mai kiran kanta ba baƙuwa ba ce a ajin nazarin harshe. A dubi wannan yanki na suna: gonar ƙanen mijin ƴar maigari. Ƙa'idar da ta gina shi layi biyu ce, kamar ta ma'auni. Yankin suna yana iya zama suna tilo, nan ne matsaya. Yana kuma iya zama suna da mahaɗin nasaba, -n ko -r, sannan wani yankin suna ya biyo baya, nan ne komawa. Nahawu bai sa wa jerin iyaka ba, numfashi da ƙwaƙwalwar mai sauraro ne ke sa masa. Tun daga littafin Chomsky na 1957 wannan siffa take tsakiyar muhawarar masana, har a 2002 shi da Hauser da Fitch suka gabatar da ra'ayin cewa wataƙila ita ce ta keɓanta harshen ɗan Adam, Daniel Everett kuma ya ƙalubalance su a 2005 da harshen Piraha na Brazil. Rayuwar Muhammadu al-Katsinawi ta haɗa ɓangarorin nan biyu a allo ɗaya, nahawu wurin Fodu da lissafi wurin Bindu, a zamanin da ba a raba su sashe-sashe ba.

Akwai aikin da wannan tarihi ya bar mana. Muna yawan kukan Hausa ba ta da kalmomin lissafi, muna ƙirƙiro su a kan tebur daga Faransanci da Ingilishi. Amma malaman zaure ba da Larabci zalla suke karantar da Mukhtasar ba. Suna karanta jimla su fassara ta da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, kalma bayan kalma, kamar yadda aka yi musu. Ke nan akwai Hausar da ake faɗin tawafuƙ da tabayun da ita, da Hausar cirewa da cinyewa da saura, wadda ta daɗe a bakin malamai kuma akasarinta a baki ta tsaya. Ɗalibin da zai koma hutu Tirmini ko Mirya ko Matamai zai iya neman izinin malamin da ake kira rabon gado a garinsu, ya zauna a zaurensa ranar da aka kai wannan babi, ya naɗi karatun, ya rubuta kalmomin yadda suka fito. Waɗanda suka riƙe wannan fassara a ka yawancinsu dattawa ne.